Tikiti Huɗu da Ƙawata Mai Tausar Alfadarai

Zuwa ga Anti Verna,

Duk Alhamis ina karanta shafinki na ba da shawara a jarida, to yau ni ma don girman Allah ki taimake ni, kuma ki yi haƙuri idan na yi ta zuba ba waƙafi, haka nake tun ina ƙarama. Saura mako biyar a kira ni likita a gaban jama'a. Ya kamata a ce farin ciki ne kaɗai a raina, kuma akwai shi, har ya yi mini yawa. Da safe sai in tsinci kaina ina rera waƙa ina wanke-wanke, ni da ko a coci baki kawai nake motsawa. Amma akwai abu guda da ya hana ni sakat.

Bari in fara da mai daɗin. Shekara huɗu ke nan ina makarantar likitoci ta ostiyofati, tafiyar awa huɗu a mota daga garinmu. Kin dai san irinmu, ana koya mana duk abin da ake koya wa kowane likita, sannan a ƙara mana da aikin hannu, wato gane ciwo da gyara shi ta hanyar taɓa ƙashi da tsoka da gaɓoɓi. Kakata, wadda muke kira Mamaw, har gobe ce wa mutane take yi jikarta na karatun ɗori, na gaji da gyara mata na bar ta. A watan jiya aka yi ranar buɗe ambulan, ranar da kowane ɗan ajin ƙarshe yake sanin asibitin da zai yi horon ƙwarewa. Na yi ta jujjuya tawa na kasa yagawa, sai mijina Garrett ya fizge ya yage ta da haƙori. Asibitin da na sa a farko shi na samu, ɓangaren likitancin iyali, minti ashirin da biyar daga ƙofar gidan Mamaw. Garrett ƙato ne, aikinsa hawa falwayar lantarki ko ana zuba ƙanƙara, amma ranar zaman dirshan ya yi a ƙasa yana sharar hawaye da hular kansa, har sai da ni na koma ina lallashinsa. Cocinmu sun cire ayar da ke allon bakin titi sun sa sunana na mako guda. Mamaw, mai shekara tamanin da bakwai, ta sayi hula mai furanni wadda faɗinta ya kusa kai murfin tukunya, kuma ta riga ta yi wa ƙawayenta shida alkawarin zan duba musu gwiwa kyauta. Ban ma fara aiki ba ta cika mini layi.

Yanzu ga lissafin. Mu ɗari biyu da goma sha huɗu muka shiga. A da, ɗari da sittin makarantar ke ɗauka, a shekararmu aka ƙara, amma zauren makarantar bai ƙaru da ko taku ɗaya ba. Makonnin farko wanda ya makara a kan matakala yake ɗaukar darasi. Saboda wannan yawan namu, tikiti huɗu kacal aka ba kowa na bikin yaye mu, sauran dangi su zauna a ɗakin wasanni su kalla ta majigi. Mama, Baba, Mamaw, Garrett, shi ke nan an rufe. Mu ɗari da casa'in da uku ne za mu fita. Ashirin da ɗaya babu su. Wasu an mayar da su ajin baya, wasu sun gaji sun tafi da ƙafarsu, wasu kuma sallamar su aka yi. Ɗaya daga cikin waɗanda aka sallama ita ta sa nake rubuto miki.

Sunanta Twyla. A ɗakin koyon aikin hannu bibbiyu ake haɗa mu, gadaje sama da ɗari a jere, kowa da gajeren wando da shimi, ɗaya ya kwanta ɗaya ya taɓa, can a yi musanya. Da jikin junanmu muke koyo, babu wata hanya. Sunan gidansu na bin namu a jerin haruffa, shi ya sa aka haɗa mu tun ranar farko. 'Yar mai sa wa dawaki takalmin ƙarfe ce, ta tashi cikin dabbobi, idan ta yi dariya a wannan kusurwar ɗakin sai na can ƙarshe ya ɗago kai. Darasin farko da aka ba mu shi ne a sa silin gashi ɗaya a ƙarƙashin shafin tsohon kundin lambobin waya, ka rufe ido ka nemo shi da yatsa, idan ka samu a ƙara shafi. Twyla ta kai shafi goma sha tara tana hira da na kusa da ita. Ni a shafi na biyu na tsaya. Ta kama yatsuna ta jujjuya su, ta ce, "Waɗannan yatsu ne ko katako?" Daga ranar na zama Katako, har malamai wani lokaci sukan suɓuce su kira ni haka.

To ni kuma Allah ya ba ni kan hadda. In na karanta shafi sau ɗaya ya zauna. Twyla kuwa littafi abokin gabarta ne, ta san abu sarai, amma in aka jera mata amsoshi biyar masu kama da juna aka ce ta zaɓa cikin minti ɗaya sai kanta ya ɗaure. Sai muka yi musayar da ba mu taɓa furta ta ba. Ni in yi ta jefa mata tambayoyi a mota da wurin cin abinci, ita kuma ta kwanta ta ba ni bayanta da wuyanta bayan kowa ya tashi, ta ɗora hannunta a kan nawa tana cewa in rage danna, ba ƙullin burodi nake murzawa ba. Wata shida ina taɓawa ba na jin komai, ƙarya kawai nake yi wa malami in ce na ji. Har na fara tunanin tattara kayana. Wata ranar Talata cikin Fabrairu tana kwance tana numfashi, sai na ji haƙarƙari ɗaya a dama ba ya tashi tare da 'yan'uwansa. Na ji shi da yatsuna, ba a littafi ba. Na yi tsalle har na ture kujera. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "To madalla, katako ya fara tsiro." Ranar ta kai ni ta saya mini wainar tuffa guda sukutum, muka cinye ta a cikin mota da cokali ɗaya. Da ba don Twyla ba, da ina cikin ashirin da ɗayan nan, wannan ko a gaban wa zan faɗa.

A ƙarshen shekara ta biyu akwai babbar jarrabawa ta ƙasa, wuni guda a gaban kwamfuta, ba mai tambayar ka abin da hannunka ya iya. Na ci a zama ɗaya. Twyla ta faɗi. Ta sake, ta faɗi da ɗan ƙaramin rata. Ta uku ita ce ta ƙarshe a dokar makarantarmu, cikin Nuwamba, ita ma ba ta haye ba.

Anti Verna, akwai wata ɗabi'a a makarantun nan da ba a rubuta ta a ko'ina ba. Idan ɗalibi ya fita ba a sanarwa, ba a sallama. Ka zo da safe ka ga an ɓamɓare sunansa daga akwatin ajiye kaya. A cire shi daga zauren hirar aji na waya, sai dai ka ga adadi ya ragu da ɗaya. Akwai babban allon hotunanmu a bakin ofis, duk shekara a sake buga shi a matso da fuskoki su cike gurbi, kamar ba a taɓa yin mutumin ba. Mu kuma ba ma tambaya. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, to mu shafa ruwan kawai muka iya, ba mai waiwayar mai gemun. Gudun waɗanda suka faɗi muke yi kamar mura ce za su shafa mana. Na sha kushe wannan hali a gaban Twyla kanta, lokacin da wani ɗan layinmu ya ɓace a shekarar farko. Ashe ni zan yi wanda ya fi nasu muni.

Ranar da aka sallame ta kalma uku ta turo mini: "An gama, Katako." Ina asibiti a lokacin, ɓangaren tiyata, ana jira na. Na rubuta mata cewa zan kira ta anjima. Anjimar ce ba ta zo ba har yau. Ranar farko na ce bari ta huce. Makon farko na ce da wane baki zan yi mata magana, ni da na ci a zama ɗaya da yatsun da ita ta gyara? Da wata ya cika na ce ai yanzu kuma in na kira sai ta ce sai yau? Haka na yi ta ja, kunya na haifar kunya, yau shekara ɗaya da wata biyar. Ba mantawa na yi ba. Duk majinyacin da na ɗora wa hannu sai na ji muryarta tana cewa in rage danna.

Kwana tara da suka wuce, ranar Asabar, ni da Garrett muka je bikin albasar daji a gundumar da ke maƙwabtaka da mu, inda ake soya ta da dankali da ƙwai, ana kuma gasar jan kaya da alfadarai. Muna layin abinci sai na ji dariya daga can wajen garken. Tun kafin in waiwaya na san ta wace ce. Twyla ce, ta naɗe hannun riga, ta ɗora tafinta a kan ƙugun wani jan alfadari, ido a rufe kamar yadda ta saba, alfadarin ya saki leɓe yana gyangyaɗi. Tsofaffin manoma sun yi layi da dabbobinsu suna jiran ta. Ga motar akori a gefe da sunanta rubuce a ƙofa da lambar waya. Ta yi ƙiba, ta yi fes, ban taɓa ganin ta cikin walwala haka ba a shekara biyun da muka yi tare. Daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla. Sai tsoro ya biyo baya ya danne daɗin. Na ja hula ƙasa, na sa baƙin tabarau, na juya na fuskanci rumfar wata mai sayar da zuma. Minti goma ina tsaye ƙiƙam. Garrett na riƙe da faranti biyu yana cewa, "Wai me kike karantawa a jikin kwalbar zuma, magani ne?" Don kar matar ta ɗauka ɓarauniya ce ni, sai da na sayi kwalba uku.

Ke dai ji wauta. Da wani ne a duniya na ɓoye wa fuska na ba shi baya, da na tsira. Amma Twyla? Shekara biyu ina kwance rub da ciki a gabanta sau uku a mako. Ta fi sanin bayana a kan fuskata.

Muna hanyar gida saƙo ya shigo. Ga shi yadda ta rubuta, ban canja komai ba: "Likita Katako. Ni za ki ɓoye wa fuska ki bar mini kafaɗar hagun nan da na yi shekara biyu ina fama da ita? Tun daga garke na gane ta, har yanzu tana sama da ta dama. Ki daina rataya jaka a gefe ɗaya. Na ga sunanki a allon cocinku, na tsayar da mota na yi ta danna ham kamar mahaukaciya. Kin yi ƙoƙari. Zumar ma mai kyau ce." Na karanta wa Garrett, ya yi ta dariya har ya gangara gefen titi ya tsaya. Ni ina dariya ina kuka. Amma kin san me? Kwana tara ke nan ban ba ta amsa ba. Na rubuta na goge ya fi sau talatin.

Abin da zuciyata ke so shi ne Twyla ta zauna a zauren nan ranar bikin. Garrett ya ce in ba ta tikitinsa, wai shi ya gan ni a kowane irin hali, gani na a majigi ba zai rage shi da komai ba, kuma a ɗakin wasanni an yarda mutum ya ci gyaɗa. Na san faɗa kawai yake yi, don ya riga ya kai kwat ɗinsa wanki, shi da ko ranar aurenmu sai da aka yi da gaske ya sa. Mama kuma ta ce kul, kar in kuskura, wai yarinya ta samu ta warke ta kama sana'arta, sai in ɗauko ta in zaunar da ita ta kalli mutum ɗari da casa'in da uku suna karɓar abin da ya kuɓuce mata, wannan ai fama mata miki ne. Mamaw kuwa ba ruwanta da tikiti. Kallo na kawai ta yi ta saman tabarau ta ce a gidan nan ba a yi renon marar kunya ba, amma da alama an yi renon matsoraciya.

To Anti Verna, in gayyace ta ko in bar ta? Idan na gayyace ta ta ji ciwo, na ƙara laifi a kan laifi. Idan ban gayyace ta ba, zan hau dandamalin nan da hannuwan da ita ta koya musu ji, ita kuma tana can ba ko gaisuwa. Kuma adalci ne in tayar da Garrett daga kujerarsa? Me ma zan ce mata bayan wannan dogon shiru? Ina son ƙawata, ina kewarta, ba na so in rasa ta karo na biyu.

Taki,
Katako, daga tsaunukan gabashin Kentucky

*

Likita Katako,

Kafin komai, barka da arziki. Yarinya ta fita daga kwarinmu ta yi karatu ta kuma zaɓi ta dawo ta duba mutanenta, wannan abin a yi murna ne, kuma na yi. Ki gaishe mini da Mamaw, ki ce mata gwiwa ta bakwai tana nan tafe, tawa ce.

Yanzu ki gyara zama. Kin cakuɗa abu biyu wuri ɗaya, shi ya sa kika kasa ɗagawa. Akwai maganar tikiti, akwai maganar afuwa. Tikitin ƙarami ne, kin fake da shi ne don ya fi sauƙin tunani.

Bari mu sallami ƙaramin. Ki bar wa Garrett kujerarsa. Mutumin da ya yi shekara huɗu yana cin abincin dare shi kaɗai, ya kuma kai kwat wanki ba a sa shi ba, ya cancanci ya gan ki da idonsa. Tayin da ya yi na mutumin kirki ne, ki gode masa ki ƙi karɓa. Ba da kujerar mijinki za ki wanke laifin da ke kika yi ba. Sannan ke da kike da kan hadda, ya aka yi lissafi ya wuce ki? Kin ce ashirin da ɗaya babu su. Ban san yadda ofishinku ya ƙirga kujeru ba, amma ashirin da ɗaya sau huɗu tamanin da huɗu ne, kuma huɗu daga ciki da ma na mutanen Twyla ne. Ɗaya kawai kike nema. Gobe ki kira ofis ki tambaya ko akwai rara, galibi akan samu. In sun ce babu, kina da 'yan aji kusan ɗari biyu, a ciki ba a rasa wanda danginsa ke nesa ba za su zo ba. Yawan da ya takura ku a zaure shi zai yi miki rana a nan. Ki faɗa musu don wa kike nema, ki ambaci sunanta a fili. Za ki sha mamakin yawan waɗanda su ma abin ke cin su a rai.

Sai babban. Mahaifiyarki ba ta yi ƙarya ba. Zama a wannan zaure zai iya yi wa Twyla ciwo, ko da tana jin daɗin sana'arta, domin mutum na iya warkewa tabo ya ci gaba da ƙaiƙayi. Inda na saɓa da Mama shi ne a kan wanda zai yanke hukunci. Ba ita ba ce, ba ke ba ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da ke sa hannu a ƙugun alfadari ba tare da ya harbe ta ba za ta iya cewa e ko a'a da bakinta. Shekara ɗaya da wata biyar kina yanke mata abin da za ta iya ɗauka ba ki tambaye ta ba, kin ga inda hakan ya kai ku. Ya isa haka.

Kuma ki sake karanta saƙon nan nata da idon likita. Ba gori a ciki, ba habaici. Ta tsokane ki, ta yabe ki, ta ba ki shawarar jaka. Ita aka yi wa laifi, ita kuma ta fara miƙo hannu. Irin wannan ƙawa ba a samun ta a kasuwa. Amma haƙurin mutum yana da iyaka, kuma kwana taran nan sun fi wata goma sha bakwai ɗin baya haɗari, don yanzu ta san kin gani kin yi shiru.

Ga abin da za ki yi. Yau ki ba ta amsa, gajera, layi biyu, ki ce kin ga saƙo, kina so ki zo, yaushe za ki same ta. Kada ki nemi afuwa ta waya, zumunta a ƙafa take. Ki je inda take aiki da takalmin da ba kya tausayi. Idan kun haɗu ki faɗi laifinki yadda kika faɗa mini, kin ce za ki kira ba ki kira ba, tsoro da kunya suka hana ki, ki yi shiru daga nan. Ban da labarin yawan aikin asibiti, ta san shi. Ban da kuka mai yawa har ita ta koma lallashin ki, wannan ɗora mata wani aikin ne. Ban da tausayi, don ba ta nema ba. Kuma don Allah kada ki ce mata ita ta fi ki cancantar zama likita. Na san kina jin haka, amma maganar ba ta da amfani gare ta, kuma ba gaskiya ce cikakkiya ba. Majinyaci na bukatar hannu, yana kuma bukatar kan da ya riƙe sunan magani da adadinsa. Jarrabawar ba ta auna duk abin da Twyla ke da shi ba, amma ke ma ba satar taki kika yi ba. Abin da ya kamata ta ji daga bakinki shi ne abin da kika rubuta mini, cewa da ba don ita ba da ba ki kai ba. Sannan ki tambaye ta labarin alfadaranta, ki saurara da gaske, domin sana'a ce, ba abin rage zafi ba.

Maganar biki ta zo a ƙarshe, ko ma a zuwa na biyu. Ki ce mata akwai kujera da sunanta, in ta zo za ki ji daɗi, in ba ta zo ba ba abin da zai ragu tsakaninku, kuma ki tabbata har zuciyarki haka ne. Wataƙila ta zo ta fi kowa ihu. Wataƙila ta ce zauren ya yi mata nauyi, amma za ta zo cin abinci a gidan Mamaw da yamma. Duk wanda ta zaɓa, kin samu abin da kike nema, don ƙawar kike so, ba cikon kujera ba.

Zan faɗa miki dalilin da ya sa na yi tsayin daka a kan ki je da ƙafarki. Na yi shekara talatin da takwas ina aikin jinya, amma shigata ta farko makarantar an sallame ni a shekara ta biyu, sai daga baya na sake komawa. Mu arba'in ne a ajin. Na dawo gida na kwanta ina jiran waya ta yi ƙara. Mutum ɗaya ce ta zo, wata Lurleen, bayan wata huɗu, da tukunyar wake da burodin masara. Ba ta iya magana ba, duk abin da ta faɗa ranar shirme ne, ko kalma ɗaya ban riƙe ba. Ban taɓa tambayar ta me ya sa ta makara ba. Bana shekararmu hamsin da ɗaya tare, ita ce ke tuƙa ni zuwa wurin likitan ido. Sauran talatin da takwas ɗin ko sunayensu sai na yi tunani. Nan gaba za ki zama babba a asibiti, za ki ga wani sunan ya ɓace daga allo. Ki zama mai zuwa.

Abu na ƙarshe. Na aiko miki da wannan amsa tun yau Litinin, amma ranar Alhamis za ta fito a jarida tare da wasiƙarki. Ki tambayi kanki mata nawa ne ke tausar alfadarai a wannan yanki, kuma manoma nawa ne za su yanko shafin su kai mata kafin azahar. Bai kamata ta fara jin ban-haƙurinki daga bakin wani tsoho mai alfadari ba. Kina da kwana uku, ki riga jaridar isa.

Allah ya sa a yi biki lafiya, ya sa albarka a hannuwanki, ya kuma bar ku tare ke da Twyla har tsufa.

Anti Verna